Yadda Kaka Take Yi

Zuwa ga Yaya,

Ƙaninki ne ke gaishe ki, ke da kika tafi aikin asibiti kika manta da mu. Ina fata ƙafar nan ta daina kumburi. Mu nan ƙalau muke, sai uwargida da ciwon haƙori ya sa ta hana kowa sakat. Kin ga na bi umarninki na rubuto a takarda, tunda kin ce duk sanda kika kira waya kika zo kan magana sai in ce ba na ji. Wallahi ba na jin ne, amma a bar wannan.

Wani dillali ya zo daga kamfanin da ke dafa maganin ɗaci yana ɗurawa a kwalba, irin wanda ake sha don zazzaɓi da ciwon ciki. Ya leƙa bayan gida ya ga itatuwan maɗacin Kaka, sai da ya cire hula ya mayar. Ya ce bai taɓa ganin masu kaurin ɓawo irinsu a wuri ɗaya ba. Sassaƙe yake so, kuma duk yawansa zai ɗauka.

Yaya, tun da Kaka ta rasu itatuwan nan a tsaye kawai suke, ba abin da suke tsinanawa sai tara tsuntsaye. Rufin ɗakin tsakiya yana yoyo, katangar bayan gida ta fara jingina. Na san gida da itatuwa naki ne, ni ajiye ni kika yi in kula da su. Amma Kaka yayar kakana ce, ni ma ba bare ba ne. Ki ba ni izini in sa a ɗebi ɓawon. Ba sarewa za a yi ba, ɓawo ne kawai, shi kuwa ai sake fitowa yake.

Ki ba da amsa ta hannun direban da ya kawo wannan takardar, dillalin ba mai zama ba ne.

Naki,
Manaja (kin ga har na haƙura da sunan)

*

Manaja,

Takardarka ta iso. Ƙafa da sauƙi in ban yini a tsaye ba, kuma kullum a tsaye nake yini. Ka ce wa matarka ta je a cire haƙorin, ta daina cusa masa kanumfari tana jiran ya ji kunya ya bari.

Direban yana ƙofar sitonmu na magani yana kaɗa makulli a yatsa, motar magani kuma ta iso ana sauke kwalaye, don haka a gurguje nake rubutu. Ban hana a ɗebi sassaƙe ba. Don shi aka shuka itatuwan, da shi Kaka ta riƙe gida. Amma a yi yadda Kaka take yi, ba yadda dillali yake so ba. Uwar Garke kuwa, babbar nan da ke gabas da rumfar shanya, kada kowa ya taɓa ɓawonta ko da farce.

Cikakken bayani yana tafe a wata takardar in na samu wurin zama.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da kika ji. Aiki ne ya sha kaina. An cire haƙorin uwargida, yanzu bakin ya samu sarari sai a kaina yake ƙarewa.

Takardarki ta biyu, mai kaurin nan, sai makon jiya ta zo hannuna. Direban ya manta da ita a aljihun gaban mota tun ƙarshen damina, har ta sha mai. Ban kai ƙarshenta ba tukuna, rubutunki ƙanana ne. Amma kada ki damu, an riga an gama aikin, kuma yadda kika ce haka aka yi.

Ai ni ma na san yadda Kaka take yi. Na tuna sanda ake kawo ni hutu, rumfar shanya cike da buhuna har rufi, kuma ba bishiyar da ba ta da tabon wuƙarta. Ba ta tsallake ko ɗaya. To ni ma ban tsallake ko ɗaya ba, sai Uwar Garke da kika hana. Na samo 'yan ƙwadago masu ƙarfi da gizago. Da yake itatuwan sun ƙoshi da ruwa, ɓawon zarewa yake kamar riga. Daga gwiwa har iya inda hannun mutum zai kai in ya taka ganga, aka zagaye kowace fes. Na tsaya a kansu na hana a bar ɓarɓashi, don na san ba kya son aikin ƙazanta. Da kin gan su a jere, jajaye, sumul, da kin yi sha'awa.

An gyara rufi, an tayar da katanga, har na sa ƙofar ƙarfe.

Ga kuma abin da zai faranta miki. Itatuwan ba su ma san an taɓa su ba. Ganye kore shar, kuma bana sun yi furen da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba. Ƙudan zuma har cikin ɗaki. Uwargida ta ce albarkar Kaka ce.

Dillalin zai dawo kafin ruwa ya sauka. Idonsa na kan Uwar Garke. Na ce masa sai na ji daga gare ki.

Naki,
Manaja

*

Manaja,

Lafiyata ƙalau, tunda al'ada ce a fara da wannan. A kan kwalin ruwan allura na zauna na karanta takardarka, kuma sai da na fita bayan sito na tsaya a bakin famfo ina wanke fuska. Na yi shekaru ina ganin gyambo da ruɓaɓɓen yatsa ban kau da kai ba. Kalmar "sumul" ɗinka ce ta kai ni famfo.

Ka kashe su. Na rubuta shi a fili don kada ka ce rubutuna ƙanana ne.

Ka ce ka san yadda Kaka take yi. Abin da ka sani shi ne yadda rumfa take in ta cika, don a cikinta kake yini kana ɓare gyaɗa sanda muke cikin itatuwa. Buhunan da ka gani tarin shekara ne, rabinsu ma ganye. Ka ga tabo a jikin kowace bishiya. Ka taɓa tsayawa ka dubi faɗinsa? Wuƙar Kaka tana nan a akwatina, ruwanta bai fi tsawon yatsa ba. Da ita take tsaga ɓawo daga sama zuwa ƙasa, faɗin tafin hannu, a gefe ɗaya. Sai ta kwaɓa laka ta shafe ciwon. Ba ta komawa kan wannan bishiyar sai bakin ciwon ya haɗe, ko da shekara nawa zai ɗauka. In ta koma, wani gefen take bi. Ba ta taɓa barin yanka biyu su haɗu ba. Duk wannan yana shafin farko na takardar da ta sha mai.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a bayan ƙofar ƙarfenka. Ruwa ta cikin itace yake hawa zuwa ganye, kuma ba ka taɓa cikin itacen ba, shi ya sa kake ganin kore. Abinci kuwa a ganye ake yin sa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Wannan hanyar ce ka zagaye ka datse, ka tsaya a kansu don kada a bar ɓarɓashi. Saiwoyin suna can ƙasa suna cin abin da suka tara, in ya ƙare su mutu. Furen da kuke wa murna abincin da ya rasa hanyar sauka ne ya taru a sama. Na karanta wannan a littafi, na kuma gani da idona a gonar wani da awaki suka gaigaye wa itatuwa. Ka gaya wa matarka ta cire sunan Kaka daga ciki.

Na san kwalbar dillalinka. Ana sayar da ita a kantin da ke kallon ƙofar asibitinmu, da hoton ganye kore a jiki da dogon rubutu kan tsarkin halitta. Na ɗauki ɗaya na karanta tun daga murfi har gindi, ba inda aka ce ga bishiyar da aka tuɓe. Shi ba ruwansa. Bana ku, baɗi wani ƙauyen, kuma ko'ina akwai irinka, mai zaune a gidan da bai gina ba yana jin itatuwa ba sa tsinana komai. Ba cinikin nake ƙyama ba. Kaka 'yar kasuwa ce da ta fi ka wayo nesa ba kusa ba. Masu sayen maganinta kowace shekara suna dawowa, don kowace shekara akwai abin sayarwa. Da kuɗin ɓawon nan aka kai ni makaranta, da shi aka yi jinyar kakanka. Kai ka sayar da abin da zai ciyar da jikokinka ka sayi ƙofa. Tun sanda ka buɗe rumfar sayar da cajar waya ka rubuta Manaja a allo kafin ka sayi caja ko ɗaya na san yadda lissafinka yake.

Yanzu ka ajiye takardar nan ka fita. Ka zagaya kowace bishiya. In akwai wadda 'yan ƙwadagonka suka yi ha'inci suka bar mata ɓawo ko faɗin yatsa biyu da ya haɗa sama da ƙasa, ka shafe tsiraicin da laka, ka naɗe da buhu. Ina roƙon Allah ya sa sun ha'ince ka.

Uwar Garke ita kaɗai ta rage. Duk sauran daga irinta Kaka ta shuka su, kuma daga ita za a sake farawa. 'Ya'yan da waɗancan za su ɗaura ban sa rai su nuna ba. In dillalin ya dawo, kada ka ba shi ko wurin zama. Na sake faɗa: kada a taɓa ɓawonta.

Ka karanta wannan har ƙarshe.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa duk da haka. Kwana biyu ban ji daɗin jikina ba, kuma kin san dalili.

Na karanta har ƙarshe, na ma maimaita. Uwargida ta ce in jefa ta a murhu, na ce a'a, babba ce ta rubuta. Amma Yaya, da kin ƙara layi biyu a takardarki ta farko, da duk wannan bai faru ba. Kin ce yadda Kaka take yi, kin bar ni da abin da na tuna. Maganar caja kuma ba ta da wuri a nan.

Na zagaya kamar yadda kika ce. Yaran sun yi aiki da gaskiya, ba su bar komai ba. Na shafa laka duk da haka. Wasu daga cikin itatuwan sun fara zubar da ganye daga can ƙoli, amma bazara ce, ba mamaki zafi ne.

Ga labari mai daɗi, don ki san ba kunnen ƙashi ne da ni ba. Dillalin ya dawo. Ya yi magiya, ya ƙara farashi, na ce ɓawon Uwar Garke ko farce ba zai taɓa ba. Ki zo ki duba, ko ƙwarzane babu. Da ya ga na kafe, sai ya ce ai saiwa ta fi ɓawo ƙarfin magani, ta kuma fi daraja. Na koma na sake duba takardarki, ban ga inda kika hana saiwa ba. Sai na bi ƙa'idar Kaka sak yadda kika koya mini. Gefe ɗaya kawai aka tona, na gabas, inda ƙasa ta fi laushi kuma nesa da rumfa. Manyan saiwoyin wannan gefen aka ɗauka, sauran gefunan ba a taɓa ba. Da aka gama na sa aka kwaɓa laka aka cike ramin, ni da kaina na tattake.

Kin ga ana gaya mini magana in ji.

Naki,
Manaja

*

Manaja,

Ina lafiya. Na kira wayarka har kunnena ya yi zafi, a kashe take. Na ba direban nan kuɗin mai na kaina don ya juya yau.

Ka zauna a gidan nan damina nawa? Ka fita tsakar gida ka tuna ta ina hadari yake tasowa. Ta gabas. Saiwoyin gabas su ne igiyar da ke riƙe Uwar Garke in iska ta tura ta yamma. Su ka yanke, ka cike gurbinsu da laka, abin da ruwan farko zai mayar kunu.

Ba ni da lokacin zaginka, zan yi daga baya. Ka nemo masu hawa yau, a rage manyan rassan sama don iska ta sami hanyar wucewa. A tokare ta da gwafanni masu kauri daga yamma. A tone lakar nan a cike ramin da duwatsu da busasshiyar ƙasa. Ku kwashe komai daga rumfa, kada kowa ya kwana a ɗakin da ke kusa.

Ban rubuta kada a sa mata wuta ba, ban rubuta kada a ɗaura mata mota a ja ba. Na hana duka, da duk wani abin da dillali zai kawo wanda hankalina bai kai ba.

Yayarka

*

Yaya,

Muna lafiya, ba wanda ya ji ciwo, wannan shi ne abin godiya.

Takardarki ta same ni ina kwashe kwanon rumfa. Motar direban ta lalace a hanya, ya kwana biyu wurin bakanike. Hadarin farko ya riga shi isowa. Da la'asar ne, ko ruwan kirki ba a fara ba. Da Uwar Garke ta faɗi ba ta yi ƙara sosai ba, kamar dai mutum ya gaji ya kwanta. Ta danne rumfar shanya, ta tsaga sabuwar katanga. Ƙofar ƙarfen ba abin da ya same ta.

Sauran itatuwan kuma, gaskiyarki. Ruwa ya sauka, ko'ina ya yi kore ban da su.

Na kira dillalin, ya ce yanzu wani yanki suke aiki. Wani mai katako ya zo ya duba gungumen Uwar Garke, yana so, na ce sai na tambaye ki. Kin ga ban yi gaban kaina ba.

Abin da ya dame mu yanzu 'ya'yanta ne. Ashe can ƙoli cike take da su, manya kamar dunƙulen hannu, ba a gani daga ƙasa. Da ta faɗi suka farfashe, wasu 'yan fale-falen ƙwayoyi kamar takarda suka cika tsakar gida, suka toshe magudana, har cikin randa. Uwargida kullum sai ta share ta tara ta ƙone, kwasfar kuma tana kama wuta da kyau. Ta kusa gamawa. Na zuba miki kaɗan a ambulan ɗin nan, ki ajiye don tunawa da Kaka.

Ki yi haƙuri, Yaya.

Ƙaninki

*

Manaja,

Ƙafa ta kumbura, ta sace, ta sake kumbura. Ka gaida matarka, ka ce mata sannu da shara.

Na daɗe ban amsa ba don ina jiran in ga wani abu. Ban aiko a guje in ce ku daina ƙonawa ba, don na riga na san tafiyar direban nan da saurin tsintsiyar gidanka. Abin da kuka share kuka ƙone shi ne iri. Kaka takan yi rani tana bin ƙasa a tsugune tana tsintar ɗaya-ɗaya, wanda iska ta ga dama ta sako mata. Ku an sauke muku shi gaba ɗaya har cikin randa, a farkon damina, daidai lokacin shuka, kuka hura wuta da shi. Irin maɗaci ba ya jira, in ya daɗe a ajiye ya mutu. Ban yi kuka ba da na karanta. Na dai kasa cin abinci a ranar.

Na juye ambulan ɗinka a kan teburin sito. Rabinsu sun karye a aljihun direba. Sauran na shuka su a gwangwanayen madarar jarirai da muke zubarwa, na huda gindinsu da ƙusa, na jera a tagar da ke samun rana da safe. Shugaban sashenmu ya tambaya ko sito ya koma lambu, na ce ya rubuta mini takardar gargaɗi in yana da biro. Kaɗan sun tsiro. Yawansu bai kai yatsun hannu biyu ba, kowanne da ganye jajaye kamar kunnen ɓera. A duk abin da ka yi tun bara, wannan ne kaɗai ya yi amfani, kuma shi ne wanda ba ka yi da niyyar amfani ba.

Mai katako ya ɗauki waɗanda ka tuɓe, kafin gara ta riga shi. A gyara katanga da kuɗin. Gungumen Uwar Garke a bar shi inda ya faɗi. Ina so kullum ka fito da safe ka zagaye shi kafin ka kai ƙofar ƙarfenka.

Ba zan kore ka daga gidan ba. Kakanka ƙanen Kaka ne, wannan ba ya kankaruwa. Amma tsiron nan ba zan ba direba ba, ba kuma zan aiko da bayani a takarda ba. In sun yi ƙwari zan ɗauki hutu in kawo su a kan cinyata. Ni zan nuna wuri, kai za ka tona rami, kai za ka yi ta ɗibar ruwa duk rani, kai za ka kore awaki.

A waya ran nan, da ta yi sa'a ta shiga, ka ce in taho maka da wuƙar Kaka don ka koyi yankan faɗin tafin hannu. Na ji ka sarai, ni ce na yi shiru. Tana nan a akwatina, na shafa mata mai na naɗe. Ba abin da za ta yanka a gidan nan sai nan da shekara ashirin ko fiye. In muna raye ka sake tambaya.

Yayarka